Kebul ko dish: wanne ya kamata in sa a sabon gidana?

"Assalamu alaikum. Mun kusa tarewa a sabon gida, kuma ina so in haɗa talabijin a falo da ɗakuna biyu. Kamfanin kebul ya ce wayarsa ta iso layinmu, wani abokina kuma ya ce in rabu da su in kafa dish. Ni labarai da ƙwallo na fi kallo, yara suna da tashoshinsu, uwargida kuma fina-finai. Muna kuma bukatar intanet. Ba abin da ya fi ba ni haushi irin a ce ana tsakiyar wasa hoto ya ɗauke. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya sa a tare a sa'a. Idan na fahimce ka, abu uku kake nema a lokaci guda: hoton da ba zai riƙa ɗaukewa ba, hanyar da za ta ɗauki talabijin uku ba tare da rigima ba, da kuma intanet. Sana'ata ke nan, kafa dish da jan waya da gyaran su, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, yawan tashoshin da ke jikin takardar talla shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya duba. Kowacce daga cikin hanyoyin nan biyu tana da inda take lalacewa. Ta dish, matsalarta a kan rufinka take, kai ke da iko da ita. Ta kebul kuma a titi take, a hannun kamfani. Zaɓinka ya rataya ne a kan wacce daga cikin matsalolin biyu za ka fi iya zama da ita.

Yadda hoton yake isowa

Kebul ya faro ne a Amurka wajen shekarar 1948, a garuruwan da duwatsu suka kange, inda eriyar gida ba ta kama komai. Sai a kafa babbar eriya a kan tsauni, a jawo waya zuwa gida-gida. Har yau tsarin ke nan, illa dai ya girma. Kamfani yana da cibiya inda yake tattara tashoshi, ya turo su ta faiba, wato siririyar wayar gilashi da ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske, zuwa wani akwati a unguwa, daga nan su bi zagayayyar wayar nan mai jan ƙarfe a tsakiya, su ratsa ta wasu na'urorin ƙara ƙarfin sigina da ke kan turaku ko a ƙasa, har su shigo ɗakinka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shi kansa kamfanin kebul da manyan dish yake kamo wani ɓangare na tashoshinsa. Wato akwai dish a cikin lamarin, ba dai a gidanka yake ba.

Setilayit kuma tauraron ɗan'adam ne da ke shawagi a nisan kilomita 35,786 a saman layin Ikweta. A wannan nisan, lokacin da yake ɗauka ya zagaye duniya daidai yake da lokacin da duniyar ke ɗauka ta juya sau ɗaya, shi ya sa daga ƙasa za ka ga kamar a tsaye yake cak, shi ya sa kuma ake ɗaure dish wuri guda a manta da shi. Arthur C. Clarke, wani marubuci ɗan Ingila, ya bayyana amfanin wannan zagaye ga sadarwa tun 1945, a 1964 kuma tauraron Syncom 3 ya kai hotunan gasar Olamfik ta Tokyo zuwa Amurka. Siginar da ke saukowa daga can tana isowa a galabaice ƙwarai. Aikin dish shi ne ya tattara ta ya harba ta wuri guda, inda ɗan kan nan da ake kira LNB yake zaune. LNB ya ƙara mata ƙarfi, ya sauko da ita zuwa zangon da waya za ta iya ɗauka, tsakanin megahaz 950 zuwa 2150, sannan dikoda ta mayar da ita hoto.

Kafin a yi nisa, ka tabbatar abin da za a sayar maka waya ce ta gaske da za a jawo daga titi. Akwai tsari na uku, na dikoda mai ƙaramar eriya da ke kama sigina daga dogon ƙarfen tasha a cikin gari. Wannan daban ne, kuma abin da zan faɗa kan kebul bai shafe shi ba.

Gidan ne ke fara yin zaɓi

An ce maka waya ta iso layinku. Isowa layi daban, isowa ƙofar gida daban. Ka sa su zo su tsaya a gidan su nuna maka akwatin da za su ɗauko daga ciki, da ta inda wayar za ta bi, da kuma wanda zai biya idan sai an haƙa ƙasa ko an fasa katanga. Gidan da ke can ƙarshen layi, bayan sigina ta ratsa na'urori da yawa, shi ne ya fi shan wahala idan kamfanin ba mai kula ba ne.

Dish kuma sama yake bukata, sarari fayau tsakaninsa da tauraron. Wanda ke arewa da Ikweta dish ɗinsa zai fuskanci wajen kudu, wanda ke kudu da shi zai fuskanci arewa, wanda ke kusa da layin kuwa zai iya ɗaga kai sosai, ya danganta da tauraron da ake nema. Siginar ba ta ratsa bango, ba ta ratsa ganyen bishiya, musamman jiƙaƙƙe. Akwai abin da ke ruɗar mutane a nan: ƙananan dish ɗin gida na zamani, masu LNB a ƙasa-ƙasa, ba inda fuskarsu ke kallo suke kamowa ba. Suna kallon sama da abin da ido ke gani da fiye da digiri 20. Saboda haka za ka ga dish kamar ya sa katanga a gaba amma yana aiki lafiya lau, wani kuma kamar ba abin da ya tare shi alhali reshe na bisa kansa daidai hanyar siginar. Na sha zuwa gidan da aka ce dikoda ta lalace, in tarar da ita lafiyarta ƙalau, bishiyar da ba ta kai katanga ba lokacin da aka kafa dish ɗin ce ta yi tsawo. Idan maƙwabci yana shirin ɗora bene ta wannan ɓangaren, shi ma a sa shi a lissafi. Idan kuma gidan na haya ne, a nemi izinin mai gida tun kafin a huda bango.

Maganar ɗaukewar hoto

Nan ne damuwarka take, don haka bari in daɗe a kai.

Yawancin dish ɗin gida a zangon da ake kira Ku suke aiki, wato gigahaz 10.7 zuwa 12.75. A wannan zango ɗigon ruwan sama yana shanye wani ɓangare na siginar, ya warwatsa wani. Shi ya sa wani lokaci hoto yake ɗaukewa tun ruwa bai sauka a gidanka ba: hadarin ya riga ya gitta tsakaninka da tauraron. Yayyafi ba ya yin komai. Ruwa mai ƙarfi kamar da bakin ƙwarya shi ne ke kashe hoto, kuma galibi na ɗan lokaci ne, da ƙarfinsa ya ragu sai ya dawo. Talabijin na zamani ba ya yin dishi-dishi irin na da, wanda za ka daure ka ci gaba da kallo. Ko dai hoto tas, ko ya farfashe ya daskare, ko ya tafi gaba ɗaya.

To amma a gaskiya, yawancin abin da ake ɗora wa ruwa laifin mai kafawa ne. Idan ka shiga saitin dikoda za ka ga layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinta. Na ƙarfin ba ya nuna komai sosai, sau da yawa shaida ce kawai cewa LNB na samun wuta. Na ingancin shi ne magana. Mai aikin gaggawa da zarar ya ga hoto ya fito sai ya ɗaure noti ya sauko, alhali ingancin da ƙyar ya haye iyaka. Ranar da gari ya yi garau ba za ka gane ba. Ranar da hadari ya haɗu, ɗan rarar da ya kamata ta tare maka babu ita. Mai aikin kirki zai ci gaba da motsa dish ɗin kaɗan-kaɗan, dama da hagu, sama da ƙasa, ya murza LNB a cikin mariƙinsa, har sai layin ya ƙi ƙaruwa, sannan ya ɗaure yana kallon na'urar auna sigina, domin ɗaurin noti kansa yana iya kautar da dish. Girma ma yana taimakawa: dish mai faɗin santimita 90 yana tattara siginar da ta ninka ta mai santimita 60 fiye da sau biyu, tunda faɗin fuskar ne ke aiki. A wurin da ake ruwa mai ƙarfi, ni ba na ba da shawarar ƙaramin. Akwai kuma zangon C, gigahaz 3.7 zuwa 4.2, wanda ruwa bai cika damunsa ba, sai dai dish ɗinsa ƙato ne, daga mita 1.8 zuwa sama, kuma yawancin kamfanonin biyan kuɗin wata ba a nan suke ba.

Abu na biyu da ke kashe dish a hankali shi ne ruwan da ke shiga waya. Ka kwance kan wayar da ke jikin LNB bayan damina biyu a gidan da ba a naɗe ta ba, za ka ga jan ƙarfen tsakiya ya yi kore-kore, siraran wayoyin gefe sun zama gari suna zuba a hannu, wani lokaci ma ruwan ya bi ta cikin wayar har bayan dikoda. Maganinsa ba shi da wuya: kan waya mai kyau, a naɗe shi da tef ɗin roba mai haɗewa da kansa, a kuma bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Araha ba ta ado a wajen waya. A sa wayar da ake kira RG6 ta gaske, ba siririyar da ake haɗawa kyauta ba.

Sau biyu a shekara kuma, wajen watan Maris da wajen Satumba zuwa farkon Oktoba, rana takan tsaya daidai bayan tauraron, hayaniyarta ta danne siginar na wasu mintuna a kullum, tsawon 'yan kwanaki. Wannan ba shi da gyara, kuma har masu kebul yakan taɓa, tunda na ce maka su ma da dish suke kamo wasu tashoshin.

Kebul ruwan sama ba ya tare masa hanya, wannan gaskiya ne, kuma shi ne babban abin da ya fi dish da shi. Amma yana da nasa. Mota ta ture turke, masu haƙa rami su datse waya, ruwa ya shiga akwatin titi, ko wuta ta ɗauke a wurin na'urar ƙara ƙarfi. Waɗannan na'urori wuta suke ci. Wasu kamfanonin suna sa musu batir, wasu ba sa sawa, don haka za ka iya samun wuta a gidanka ta sola ko janareto amma talabijin ba hoto, saboda can sama da kai a layin babu. Dish ba ruwansa da wannan. Dikoda ce ke tura wa LNB wuta ta cikin wayar, muddin ɗakinka da wuta, to da hoto.

Bambancin da nake so ka riƙe shi ne na tsawon lokaci. Dish yakan ɗauke sau da yawa amma na mintuna, kuma idan abu ya lalace, ka kira mai gyara yau ya gama yau. Kebul ba ya yawan ɗaukewa, amma ran da ya ɗauke ba abin da za ka iya sai kira da jira, awa ɗaya ne ko kwana uku, ya danganta da kamfanin. Shi ya sa ba a sanin kebul daga bakin mai talla. Ka shiga gida biyu ko uku a layin da suke da shi, ka tambaye su sau nawa yake ɗaukewa, kuma idan an kira kamfanin yaushe suke zuwa. Ka roƙi a kunna maka tashar ƙwallo da daddare ka gani da idonka. Gani ya kori ji.

Game da kyan hoto kuwa, kada ka ɓata lokaci. Duk biyun suna iya kawo hoto garau. Abin da ke bambanta su shi ne yadda kamfani ya matse tashar don ya cusa da yawa a hanya ɗaya, kuma ƙwallo ce ke tona wannan asiri: idan kyamara ta bi ɗan wasa da gudu ka ga ciyawa ta dame, an matse ta da yawa. Ihun maƙwabci da ke riga ka ganin an ci ma ba nisan tauraro ne kaɗai ke jawo shi ba. Hawa da saukar siginar kusan rubu'in daƙiƙa ne kacal, sauran jinkirin a wajen sarrafa hoton yake.

Talabijin uku a gida ɗaya

A nan kebul ya fi sauƙi. Duk tashoshin suna cikin wayar a lokaci guda, don haka ana iya raba ta zuwa ɗakuna da sifilita, ɗan ƙarfen da ke raba waya ɗaya gida biyu ko fiye. Kowane rabi biyu yana cin kusan rabin ƙarfin siginar, amma ɗakuna uku ba matsala ba ne idan abin da ya shigo gidan mai ƙarfi ne. Sai dai ka tambaya ko kowane talabijin sai da akwatinsa, kuma nawa ake ƙarawa a kan kowane akwati duk wata.

Dish ba a raba shi haka. Tauraro yana aiko tashoshinsa kashi-kashi, dikoda ce ke gaya wa LNB kashin da take so ta hanyar canza wutar da take tura masa, bolt 13 ko bolt 18, da wani sauti na kilohaz 22. Idan ka raba waya ɗaya wa dikoda biyu, sai su yi ta jayayya: yara su canza tasha a ɗakinsu, taka ta ɗauke a falo. Gyaran shi ne LNB mai baki biyu ko huɗu, kowace dikoda da wayarta tun daga kan rufi, ko kuma irin LNB na zamani da ke ba dikoda da yawa ta waya ɗaya, idan dikodojin sun san wannan tsarin. Tunda ba ku tare ba tukuna, yanzu ne lokacin jan wayoyin nan cikin bututu, kafin fenti da labule. Ko wanne ka zaɓa, ka ja waya daga kowane ɗaki zuwa wuri guda, domin irin wayar ɗaya ce, idan ka sauya ra'ayi gaba ba sai an sake fasa bango ba.

Intanet

Wannan shi ne abin da zai iya yanke maka hukunci. Dish ɗin talabijin karɓa kawai yake yi, ba ya aikawa, saboda haka ba ya ba da intanet. Wayar kebul kuwa tana kai da kawowa, kuma da tsarin da ake kira DOCSIS, wanda ya fito a 1997, waya ɗayan ce ke ɗaukar tashoshi da intanet tare. Rauninta shi ne ku da maƙwabta kuke raba hanya ɗaya daga akwatin unguwa, shi ya sa takan yi nauyi da daddare, kuma tura abu ya fi saukewa jinkiri. Intanet ta tauraro tana nan, amma kayanta daban, kuɗinta daban. Ta taurarin nesa tana da jinkirin da ya haura rabin daƙiƙa, wanda ake ji sosai a kiran bidiyo. Irin su Starlink da ke kusa, wajen kilomita 550, sun rage wannan, amma su ba tashoshi suke sayarwa ba.

Idan intanet ɗin gidan ta yi ƙarfi, za ka ga fina-finan uwargida da na yara da yawa ta nan za su koma kallo, abin da zai rage wa talabijin sai labarai da ƙwallo. Wannan kan sa ƙaramin tsarin biyan kuɗin tashoshi ya ishe ka.

Kuɗi da yarjejeniya

Kada ka kwatanta kuɗin watan farko. Ka ɗauki takarda ka lissafa na shekara biyu: kuɗin haɗawa, kuɗin kaya, kuɗin wata bayan rangwamen shiga ya ƙare, ƙarin kowane ɗaki, da tarar fita idan akwai wa'adi. Ka tambaya akwatin naka ne ko haya ne. Ka tambaya ko za ka iya dakatar da biya wata ɗaya ka dawo ba tare da tara ba. Galibi dish ya fi cin kuɗi a farko saboda kaya da aiki, kebul kuma a hankali yake ci. Dish yana da wata fa'ida da kebul ba shi da ita: akwai tashoshin kyauta a kan taurari da dama, waɗanda risiba ta gama-gari ke kamawa ba tare da biyan ko sisi a wata ba, kuma tashoshin labarai na duniya da yawa suna cikinsu. Manyan wasannin ƙwallo dai kusan duk a kulle suke. Kuma haƙƙin nuna gasa saye ake yi na 'yan shekaru, yakan tashi daga wannan kamfani ya koma wancan, don haka ka rubuta gasar da kake bi da tashoshi goma da gidanka ke kallo da gaske, ka ce a nuna maka tsarin da ya ƙunshe su a rubuce. Sauran ɗaruruwan ado ne.

Abin da zan yi da ni ne

Ban ga gidanka ba, ban kuma san halin kamfanin da ya zo maka ba, wannan kuwa sai wanda ya tsaya a wurin. Amma bisa abin da ka faɗa, talabijin uku, intanet, da ƙin ɗaukewar hoto, ni kebul zan fara dubawa, da sharaɗi biyu: maƙwabta su shaide shi, kuma gasar da kake kallo tana ciki. Idan ɗaya ya faɗi, musamman idan ka ji ana cewa sai an yi kwanaki kafin su zo gyara, ko wutar layin ba ta tsayawa, to ka kafa dish mai santimita 90 da LNB mai baki huɗu, ka nemi intanet ta wata hanyar. Ranar kafawa ka tsaya a wurin, ka sa a nuna maka layin inganci a kan talabijin ɗinka, ka ɗauki hotonsa a waya don ka sami abin kwatantawa idan ya fara raguwa. Ka kuma tabbatar an haɗa dish ɗin, ko wayar kebul ɗin a inda ta shigo gida, da wayar ƙasa, wato wadda ke kai wuta cikin ƙasa, saboda tsawa. Ba za ta hana aradun da ta faɗo kai tsaye ɓarna ba, amma tana rage wutar da ke biyo waya ta ƙona dikoda da bakin HDMI na talabijin. Idan hadari ya taso da walƙiya sosai, a zare wayar sigina tare da ta wuta, ba ta wuta kaɗai ba.